Ranar Da Na Kai Kaka Lyon

Risho talatin da ɗaya gare ni a ɗaki, ban da biyu da suka rasa ƙafa, waɗanda na ajiye ƙarƙashin gado har Allah ya kawo musu. Ba rishon kananzir nake nufi ba, mai hayaƙin nan da ke sa tuwo wari. Nawa ƙanana ne, wasu tafin hannu ma ya ɗauke su, kuma alkol suke ci, farin ruwan nan na kwalba da ake sayarwa kusa da sabulu da tsintsiya. Wutarsu shuɗiya ce, ba ƙara, ba hayaƙi, da rana ko ganinta ba ka yi sai ta lashe maka yatsa. Turawan dā da su suke dafa kofi a hanya, da su suke ɗumama madarar jarirai. A wurina duk mata ne, tunda girki suke yi. Ƴata ce ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ta farko mijina ya ba ni, Allah ya jiƙansa. Tela ne, ɗan Damagaram kamar ni, ya riga ni zuwa Paris da shekara shida. Ranar da na sauka, cikin wani sanyi da ban san Allah ya halicci irinsa ba, ya hau da ni bene shida a unguwar Goutte d'Or, ɗaki ɗaya ƙarƙashin rufi, keken ɗinki ya cinye rabinsa. Na duba gabas, na duba yamma, na tambaye shi ina madafi. Sai ya miƙa hannu bayan keke ya jawo wata ƴar baƙar aba mai ƙafa uku, ya tsiyaya mata ruwan kwalba, ya ƙyasta ashana.

"Ga madafinki," in ji shi. "Ki girmama ta, ta girmi kakarki."

Ni kuwa na yarda. Mutumin da bai taɓa ce wa miya ta yi daɗi ba in ba ta yi ba, me zai sa ya yi mini ƙarya a kan ƙarfe? Daga ranar na sa mata Kaka. A kanta na koyi tuƙa tuwon garin alkama a ƴar tukunya, sau biyu, nawa daban nasa daban, don ba ta iya ɗaukar na mutum biyu. A kanta na dafa ruwan wankan ƴar nan da ke rubutu yanzu. Da Allah ya buɗa muka koma gida mai madafi da gas, Kaka ba ta yi ritaya ba, ta koma aikin shayi. Malam, wato mijina, ya kafa doka ɗaya a kanta: a shafa da tsumma, amma kada a goge. Ya ce baƙin nan shi ne daɗin shayin. Bayan rasuwarsa na ci gaba da bin dokar, don in na taɓa baƙin sai in ji kamar hannunsa ne a wurin.

Sauran talatin ɗin daga baya suka zo. Wata Lahadi na bi maƙwabta kasuwar tsofaffin kaya da ke bakin gari, bayan babbar hanya, niyyata in sayi bargo. Sai na hango wata ƴar risho a kan tebur tsakanin agogai matattu, ta yi kama da Kaka kamar ƴar ɗakinsu. Na tsaya cak. Mai teburin wata tsohuwar Baturiya ce, taba ta mayar mata da murya ta maza, ni dai Madam nake ce mata har yau. Na dawo gida ba bargo, da risho a jaka. Lahadin da ta biyo na koma. Wadda ta biyo bayanta ma na koma.

Madam ta lura ba na duba rubutun da ke jikinsu, ta tambaya, na ce mata ban shiga lakkwal ba, ban iya karatun boko ba, kuma ban ga abin da ya rage ni ba. Ta yi dariya har ta yi tari, ta ce to zo in koya wa hannunki. Haka ta riƙa ɗora mini su ɗaya bayan ɗaya tana gaya mini wadda ta girmi wata, ni kuma ina riƙewa, don kan da ya haddace dangin mutum ɗari da wanda ya haifi wane ba zai kasa riƙe ƙarfe ba.

Ga abin da hannuna ya koya. Manya, waɗanda aka yi kafin babban yaƙin Turawa na farko, nauyi gare su, tagullarsu kauri, in ka ƙwanƙwasa da farce sai ka ji murya ƙasa-ƙasa kamar ta dattijuwa. In ka bi gaɓar tankin da yatsa za ka ji dalma tudu-tudu, inda maƙeri ya liƙe da hannunsa, wani wurin ya cika, wani wurin ya yi rowa. Abin murɗa wutarsu katako ne ko farin tangaran. Na tsakiya, tsakanin yaƙi da yaƙi, ƴan gayu ne, an shafe su da farin ƙarfe mai ƙyalli ko fenti irin na langa, abin murɗinsu wata baƙar roba ce mai tauri, wadda in ka goga ta da babban yatsa har ta yi ɗumi sai ta yi warin asibiti. Ƙanana kuwa, na bayan yaƙi na biyu, ba nauyi, ƙarfen ya yi siriri, inji ne ya matse gaɓarsu sumul, ba tudu ba kwari. Tambarin masu ƙira kuma hoto ne a wurina: mai tsuntsu, mai tauraro, mai harshen wuta biyu. Ban taɓa sanin abin da haruffan ke cewa ba, amma na san mai tsuntsun da fiffikensa ke buɗe ya girmi mai tsuntsun da ya naɗe nasa. Har ya kai Madam in an kawo mata sabuwa sai ta ajiye sai na zo, ta miƙo mini ta ce, faɗi. In faɗa, ta duba littafinta, ta buga tebur.

A hawa na biyu na gidanmu akwai wata Hajiya ƴar Cadi mai sayar da turaren wuta, ƙawata ce, kuma ba ta da aiki sai tsokanata. Ita ce ta fara ganin kwalabe huɗu a kwandona ta tsaya a matakala tana salati, wai a tsufana na fara shan giya. Sai da muka je tare wurin liman, ni da ita da kwalba a jaka. Liman ya shinshina, hawaye ya zubo mishi, ya ce wannan ko jaki ba ya sha, a ƙona shi lafiya, a dai wanke hannu kafin salla. Tun daga nan Hajiya ta zama mai kawo mini tokar kaskon turarenta, don da toka da lemun tsami nake goge su.

Goge su kuwa nake yi, ba na ɓoyewa. Uwayenmu jere suke yi, kwanoni da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, kuma macen da jerenta ya dushe an san irin macen da take. Ni nawa jeren na risho ne, katako huɗu a bangon falo, kowace tana ƙyalli har ka ga haƙoranka a cikinta. Madam da ta zo gidana sau ɗaya sai da ta dafa bango. Ta ce dushewar nan da nake kankarewa ita masu tarawa ke nema, na kashe musu rabin daraja. Na ce mata ba sayarwa zan yi ba, kuma ni ba a shigo ɗakina a ga datti a ce tarihi ne.

Kaka kaɗai ce baƙa, kuma ita ce a katakon sama, a tsakiya, a kan ɗan kyalle mai ado. Ban taɓa kai ta wurin Madam ba, ban taɓa ƙwanƙwasa ta ko in juya ta in bi gaɓarta da yatsa ba. Wa ke bincika kakarsa? Abin murɗinta katako ne, ina ganinsa kullum, wannan ya ishe ni shaida. Duk matar da ta shigo, ta gaishe ni, sai in nuna sama in ce ba ki gaida Kaka ba. Tun suna dariya har ya zama al'ada, sai ka ji mace daga bakin ƙofa tana cewa ina kwana Kaka, ya sanyi. A wurin suna, a wurin biki, daga Aubervilliers har Saint-Denis, na faɗa na maimaita cewa ta haura shekara ɗari nesa ba kusa ba, kuma duk Paris ba risho da ya kai ta tsufa. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

To ƴata, wadda ke aiki a kantin magani, wata rana ta ɗauki hotunan jerena da wayarta, ta sauko da Kaka ta ɗauke ta sama da ƙasa, ta aika wa wasu mutane masu tara irin waɗannan. Ashe ƙungiya gare su, ashe ba ni kaɗai Allah ya jarraba ba. Bayan kwana uku ta kira ni tana sauri, ko gaisuwa ba ta gama ba, ta ce wani tsohon Bature a Lyon, shi ne babbansu, ya ce bai taɓa ganin irin Kaka ba. Suna da taro ranar Asabar ta sama, yana roƙon in kawo ta, yana so ya ga ƙarƙashinta da idonsa don ya faɗi shekarunta. Ba ta ce me ya gani a ƙarƙashin ba, ni ma ban tambaya ba, don na riga na tashi ina rawa a falo da waya a kunne.

Kafin la'asar duk gidan ya ji. Kafin Juma'a duk unguwa ta ji za a kai Kaka Lyon, Turawa masana za su tabbatar da abin da na daɗe ina faɗa. Ƴata tana da aiki ranar, sai Hajiya ta ce ita za ta raka ni, wai don ta ga idona in an ce ƙarya nake. Muka yi lalle. Na fito da shaddar da nake ajiye wa manyan bukukuwa.

Ranar Juma'a da hantsi na sauko da Kaka don in naɗe ta, sai na juya ta a karo na farko. Jama'a, abin da na gani! Maiƙon shekara arba'in, baƙi ƙirin, ya yi ɓawo, har da ƙurar zare ta zamanin keken Malam. Na zauna na yi tunani. Baƙon namiji, a garin da ba a san ni ba, gaban jama'a, zai kifa Kakata ya ga wannan? Ya ce matan ƙasarmu haka suke riƙon kaya? Ko ƴar tsana za ka kai gidan mutane ai ka wanke mata fuska. Na ce Malam ka yafe mini, yau ɗaya dai. Na kawo toka, na yanka lemu shida, na ɗora ruwan zafi.

Awa biyu ina gurza. Ana cikin haka wani abu ya saɓule daga ƙarƙashinta, ɗan murabba'i kamar ɓawon albasa, baƙi, ya yi laushi a ruwa ya narke tsakanin yatsuna. Na ce kai, datti har da mai kusurwa huɗu, na tuttular da ruwan. Kaka ta fito rawaya jawur, kyakkyawa kamar amarya, har na yi guɗa ni kaɗai. Sai dai a wurin shanyawa hannuna ya fara gaya mini wata magana da ban tambaye shi ba. Na ji ta ba nauyi. Yatsana ya bi gaɓar tanki ya wuce sumul. Na yi maza na naɗe ta a sabuwar atamfa na ɗaure, na ce wa hannun ya yi mini shiru, gajiya ce.

Jirgin ƙasan Lyon gudu yake kamar an biyo shi. Muka zauna ni da Hajiya, Kaka a cinyata, dambun nama a tsakaninmu, muna ta surutu kamar ƴan mata za su kai amarya. Shanun da muka wuce Hajiya ta ce sun fi mutanen unguwarmu ƙiba. Wani Bature a gefenmu ya tambayi abin da ke cikin ƙunshin, na ce mishi kakata ce, ya tattara jaridarsa ya sake kujera. Muka yi dariya har ɗankwalin Hajiya ya zame.

A tasha na damu yadda za mu gane mutumin, tunda ko ya ɗaga allo da rubutu ba abin da zai yi mini. Sai ga wani dogon tsoho mai farin gashin baki, tsaye cikin jama'a, ya ɗaga ƴar risho sama da hannu ɗaya kamar mai tallan fitila. Na ce wa Hajiya wannan namu ne. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi gida, da iyali, da gajiya, da sanyi, shi kuwa idonsa na kan atamfa. Ya ɗauke mu a mota, muka haye kogi, muka sake haye wani kogin, ya kai mu wani zaure a bayan wata unguwa.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Tebura jere, risho ɗaruruwa, kowace da ɗan farin kati a gabanta, tsofaffi maza da ƴan mata kaɗan suna sunkuye da gilashin ƙara gani. Kuma duk a dushe, ko ɗaya ba a goge ba. Hajiya ta raɗa mini cewa mutanen nan ba su da mata ne? Aka buɗe mana wuri a babban tebur, aka kewaye mu. Na kwance atamfa a hankali, ƙulli ɗaya bayan ɗaya, don in ja musu rai.

Kaka ta haska zauren. Ni ina jiran tafi, sai na ji shiru. Tsohon ya ɗauke ta da hannu biyu ya kifa, ya duba, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake dubawa. Sannan ya fito da hoton da ƴata ta aika, ya nuna mini wata kusurwa da ta ɗan leƙo daga cikin maiƙo.

"Madam, takardar fa? Akwai takarda a nan."

Ashe ɓawon albasar nan takardar masu ƙira ce, wadda suke mannawa ranar da kaya zai bar masana'anta. Maiƙon Malam ne ya tsare ta shekara da shekaru. Kaka ba ta da tambari a jikinta ko ɗaya, takardar ce kaɗai za ta faɗi inda aka yi ta da lokacin, kuma saboda ita aka kira ni. Na gaya musu gaskiya, da toka da lemu shida. Wani ya kama kai. Wata mata ta ce wayyo da harshensu. Tsohon ya ce cikin ladabi ba kome, amma yanzu sai dai a yi ta zato.

A nan ne raina ya tashi. Na zo tun daga Paris da shadda da lalle, na bar unguwa guda tana jira, a ce mini zato? Na ce mishi da faransancina na kasuwa:

"Takarda ce ta tafi, Malam. Hannuna yana nan. Kawo naka waɗanda ka san shekarunsu, ka hautsina su, in jera maka su kamar ƴaƴan ɗaki ɗaya."

Suka dubi juna, sai abin ya zama wasa. Aka kwaso tara daga tebura dabam-dabam. Wani ya fara kifa katunan don kada in leƙa, na ce ya huta, ko ya manna mini su a goshi ba abin da zan gani. Zauren ya fashe da dariya, daga nan kuma suka zama nawa.

Na naɗe hannun riga. Na ɗaga, na auna, na ƙwanƙwasa a kunne, na bi gaɓa da yatsa. Mai baƙin murɗi na goga ta na shinshina, sai na ga tsofaffi uku sun ɗauki nasu suna gogawa suna shinshinawa. Ina yi ina yi musu magana da Hausa, ke matsa nan, ke ba ki kai ba, ke wa ya ce ki zauna gaban yayarki, Hajiya tana fassara wa mutane tana ƙara gishiri. Wata ta so ta ruɗe ni, jikin tsohuwa da ƙafafun yarinya, na ce wannan an yi mata dashen ƙafa, mai ita ya yi tsalle ya ce shi ya sauya su da hannunsa. Da na gama aka bi katuna ɗaya bayan ɗaya. Bakwai daidai. Biyu na tsakiya wai na sauya musu wuri, tsiransu shekara biyu. Har yau ban yarda ba, amma na bar musu, tunda garinsu ne.

Tafi kuwa na sha shi. Ina cikin jin daɗi, ina gyara ɗaurin kallabi, sai tsohon ya miƙo mini Kaka ya ce to, Madam, saura taki, sa ta a wurinta.

Na karɓe ta na nufi kan layi, wurin manya, ƙafata da ƙarfi. Na kai hannu zan ajiye ta gaban babbar cikinsu, hannun ya ƙi. Mutanen nan yanzu suka ga hannun nan ya faɗi gaskiya sau tara, in sa shi ya yi ƙarya a na goma? Na ƙwanƙwasa ta, abin da ban taɓa yi ba, ta amsa da ƴar siririyar murya. Na bi gaɓa, sumul. Na ce to ai ga katako, katako ba ya ƙarya, na kawo abin murɗin kusa da idona. Da baƙin ya fita sai ga shi fili: gefe da gefe masu faɗi, tsakiya siriri, rami ya ratsa. Katakon zaren ɗinki ne. Na keken Malam. Nata na asali ya ɓace tun kafin in zo, tela ya duba abin da ke kusa da shi ya soka mata.

Na fara takawa ƙasa. Na wuce ta farko, na wuce ta biyu, na wuce ƴan gayun tsakiya duka. Na ajiye ta ta biyun ƙarshe, cikin na bayan yaƙi. Tsohon ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, ya kira wasu biyu, suka yi ƙus-ƙus, sannan ya ce shi ma nan zai sa ta. Ya faɗi shekarun da yake ganin an yi ta, tsakanin kaza da kaza.

Lambar ta yi mini kama da wata da na saba ji a ofisoshi. Na buɗe jaka na fito da katin zamana a ƙasar, mai ɗauke da shekarar haihuwata, na miƙa mishi. Ni ma ai ba a san ranar haihuwata ba, uwata dai ta ce shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta ce, masu takarda suka duba haƙorana suka rubuta wajen shekara kaza. Ya duba katin, ya duba Kaka, gashin bakinsa ya fara rawa. Ya ce tsakiyar lissafinsa ke nan daidai.

Hajiya ta zauna a ƙasa, a kan shaddarta, don dariya ta hana ta tsayuwa.

"Shekara arba'in kina durƙusa wa sa'arki," in ji ta. "Har kin sa mu muna yi mata ina kwana. Wallahi sai kin biya mu gaisuwarmu."

Na so in ji kunya, na nema ban samu ba. Abin da ya zo mini Malam ne, yana tsugune a ɗakin nan na ƙarƙashin rufi, ga yarinya ta zo daga nesa tana neman madafi, ba shi da abin ba ta sai ƴar risho mai murɗin katakon zare. Ko ya sani, ko shi ma haka aka gaya mishi, ban da wanda zan tambaya. Amma na san yadda gefen bakinsa ke motsi in ya shirya tsokana, kuma yanzu da na tuna, ya motsa a ranar. Hawaye ya zo mini tare da dariya, na bar su suka fito tare.

Sannan na ce a ba ni alkol. Duk risho ɗaruruwan nan ashe ba mai kunna su, kallo kawai. Muka fita tsakar gidan zauren, na fito da buta da ganyen shayi da sukari daga jakar Hajiya, na kunna Kaka gaban kowa. Ta kama nan take, shuɗiyar wuta tsaf, ko tari ba ta yi ba. Na yi musu shayi zagaye uku, kofi huɗu ne da mu ana wankewa ana miƙawa. Tsohon ya sha na farko ya runtse ido don ɗaci, ya sha na uku ya nemi ƙari. Ya rubuta mata farin kati irin na sauran, ya karanta mini: ba a san maƙerinta ba, an gane shekarunta da hannun mai ita. Ya roƙe ni alfarma ɗaya, in na sake samun wata mai takarda in kira shi kafin in yanka lemu.

A jirgin dawowa Hajiya ta yi ta lissafa matan da za ta fara gaya wa. Na ce ba za ta riga ni ba. Washegari Lahadi na aika aka kira su duka, falo ya cika, na ba da labarin da bakina tun daga lemu har katin zama, na kwaikwayi tsohon, na kwaikwayi Hajiya a ƙasa. Wadda ta fi kowa dariya ni ce, don haka ba wadda ta samu abin ƙarawa.

Da suka tafi na tsaya gaban jere na bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, tsakani da Allah wannan karon. Babbarsu ashe wata mummuna ce mai ƙafafun baƙin ƙarfe, wadda ba ta ƙyalli ko an kwana ana gurza ta, shi ya sa na daɗe ina tokare ƙofar baranda da ita. Na ɗauko ta, na share ta, na ba ta haƙuri, na ɗora ta a katakon sama kan kyalle mai ado.

Waccan kuwa na sauko da ita kusa da kujerata, inda hannuna ke kaiwa ba sai na tashi ba. Sunan ya riga ya bi ta, mata har yanzu Kaka suke cewa. Ni dai na daina yi mata ina kwana. Da safe in na zo da ashana sai in ce, ke, tashi, ba girmata kika yi ba. Baƙin ma ya fara dawowa a gefen da buta ke zama, kuma wannan na bar shi.